Daga Maraɗi zuwa Gwanzu: ta Yamai za ka tashi ko ta Kano?

Duk ɗan kasuwar Maraɗi da ya ɗaura niyyar zuwa Caina sayayya da ƙafarshi, ba aike ba, tambayar da ke fara tsaya mishi a rai ita ce ta ina zai tashi. Allah ya ajiye mu tsakanin manyan filayen jirgi biyu, na Diori Hamani a Yamai wanda yake namu amma da nisa, kusan kilomita 660 a mota, da na Malam Aminu Kano wanda yake na maƙwabta amma ga shi nan kusa, wajen kilomita 250 in ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina. Babu jirgin fasinja da ke ɗaukarka daga ɗayansu ya dire ka Gwanzu, babban birnin kasuwanci na Caina, kai tsaye, dole sai ka sauya a hanya, to nan ne lissafi ke cakuɗewa, kowa ka tambaya a kasuwa hanyar da ya saba ita zai yaba maka.

Mutane da yawa suna shiga intanet su duba nisa, su ga daga Yamai zuwa Gwanzu a miƙe kusan kilomita 11,500 ne, daga Kano kuma kusan 10,900, sai su yanke cewa ai Kano ta fi. Wannan lissafin tsuntsu ne, kai kuwa ba daga filin jirgi tafiyarka ke farawa ba, daga ƙofar gidanka take farawa, ko unguwar Zariya kake ko Sabon Gari ko Mokoyo, kuma ba ta ƙare ba sai ka dawo da kayanka sun shiga shago. Bambancin kilomita 600 a sama bai kai awa ɗaya ba, tunda manyan jiragen nan suna cin wajen kilomita 850 zuwa 900 a awa, amma jira ɗaya a filin sauyi yana iya cinye maka awa 15 kana zaune kan kujerar ƙarfe.

Saboda haka ga abubuwan da nike ganin ya kamata a auna da su. Na farko lokaci gaba ɗaya, mota da kwana da jira da tashi. Na biyu kuɗi gaba ɗaya, ba kuɗin biye (tikitin jirgi) kaɗai ba. Sai takardu, sai wahalar jiki musamman ga dattawa da mata, sai hatsarin hanya da ko hanyar tana iya rufewa kana can, sai kuma wanda aka fi mantawa da shi wato kayan dawowa da duwan (kwastan) nawa za su ratsa.

Kafin komi, maganar biza. Mai fasfo ɗin Nijar a ofishin jakadancin Caina da ke Yamai yake neman bizarshi, don haka ko da Kano kake son tashi, zuwa Yamai na nan a gabanka. Wanda zai je karɓar fasfo ɗinshi da biza a ciki ana saura kwana biyu tafiya, to shi kam Yamai ta riga ta zaɓe shi, ba dalilin ya dawo Maraɗi ya sake nausawa Kano. Wanda kuma ya riga ya samu bizarshi tun da wuri yana zaune gida da ita, shi ne ke da zaɓi na gaske. Katin allurar shawara shi ma ya kasance cikin aljihu ɗaya da fasfo, kar a sa shi cikin akwatin da za a auna.

Hanya ta farko, Yamai zuwa Adis Ababa zuwa Gwanzu da jirgin kamfanin Ethiopian. Za ka shiga kar (babbar motar fasinja) da asuba, Rimbo ko STM ko wacce ka saba, ka ratsa Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, awa 10 zuwa 12 in ba a samu tangarɗa ba, ka iso Yamai jiki ya yi laushi. Kwana a Yamai kusan dole ne, wanda ya ce zai sauka daga kar ya zarce filin jirgi a rana ɗaya ya ɗora kuɗin biye ɗinshi kan taya huɗu ne. Daga Yamai zuwa Adis kusan kilomita 4,000, wajen awa 6 a sama, in jirgin ranar yana haɗawa da Wagadugu sai ka ƙara lokacin sauka da tashi a kai. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilun 2023 jirage na kauce wa samaniyarta, hakan ma ya ɗan tsawaita hanyar gabas. Daga Adis zuwa filin Baiyun na Gwanzu kusan kilomita 8,000, awa 10 zuwa 11.

Abin da ya sa ƴan kasuwa suka riƙe wannan hanya shi ne tsarin lokacinta. Jiragen yammacin Afirka galibi da daddare suke isa Bole, filin jirgin Adis, na Caina kuma wajen tsakar dare suke tashi, jiran bai cika wuce awa 3 zuwa 5 ba. Dawowa ma haka, ka baro Gwanzu tsakar dare, ka iso Adis da asuba, da hantsi ka kama na gida. Kuma ba ka zama bare. Ka tsaya bakin ƙofar jirgin Gwanzu ƙarfe 11 na dare ka gani, ga hula ga rawani ga Hajiyoyi sun lulluɓa da mayafi saboda sanyi (garin yana kan tudu sama da mita 2,300, a ɗauki rigar sanyi ko da a Maraɗi ana zafin Afrilu), wani ya shimfiɗa darduma a lungu yana rama Isha'i, wani yana neman inda zai soka caja, Hausa kake ji ta ko'ina, ta Kano da ta Damagaram da ta Zango a Gana. Ga wanda bai taɓa fita ba kuma ba ya jin Turanci, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ko takardar shiga ƙasa ce ta gagare ka cikawa akwai wanda zai karɓi alƙalami ya taimaka. In kuma jiran ya kai awa 8 zuwa 24 saboda babu jirgi kafin nan, kamfanin na da tsarin ba da masauki, a tambayi mai ajans ya tabbatar tun wajen sayen biye. Abinci kuwa a ce mishi ya sa na Musulmi tun da wuri.

Hanya ta biyu, Yamai zuwa Istambul zuwa Gwanzu da Turkish. A taswira kamar an yi baya, ka hau arewa sannan ka juya gabas, amma da yake duniya dunƙulalliya ce lissafin ya zo kusan ɗaya, Yamai zuwa Istambul kusan kilomita 4,000, Istambul zuwa Gwanzu kusan 7,900, har ma ta ɗan fi ta Adis gajarta. Inda take cin mutum shi ne jira, domin jiragen Caina cikin dare suke barin Istambul, in naka ya iso da safe to yini guda kake da shi a hannu. Filin sabo ne, a 2019 aka kammala komawa cikinshi, akwai masallatai da wurin alwala da tsabta, abincin jirgi duka halal ne, sai dai girmanshi ya wuce misali, daga ƙofa zuwa ƙofa kana iya tafiyar minti 20 a ƙasa, dattijo mai ciwon gwiwa a nema mishi keken turawa tun a Yamai, ba abin kunya ba ne. Ruwan sha da shayi a can tsada gare su sosai. Fita gari kuma sai da bizar Turkiyya, don haka maganar otel ko zagaya gari da ake yi wa masu dogon jira ba ta amfanar wanda ba shi da ita. Amma wanda dama yana sayen kaya a Turkiyya, abaya ko takalma ko kayan yara a unguwar Laleli ta Istambul, ya nemi biza biyu ya tsaya kwana uku, wannan hanya ta zama tafiya ɗaya kasuwa biyu.

Hanya ta uku, Kano zuwa Adis zuwa Gwanzu. Jirgi na biyu shi ne dai wanda na Yamai zai hau, a Bole za ku haɗu. Bambancin yana cikin tafiyar mota da kuma tashin farko, Kano zuwa Adis kusan kilomita 3,300, wajen awa 5. Daga Maraɗi zuwa Kano tafiyar awa 4 ce in da a miƙe take, amma ba a miƙe take ba, da tsayawar Ɗan Isa da ta Magama da shingayen da ke tsakanin Jibiya da Katsina, ka sa awa 5 zuwa 7 a ranka. Nan akwai abin da nike so a kula da shi ƙwarai. Mun saba tsallaka iyakar nan da katin ɗan ƙasa ko ma da gaisuwa kawai, zuwa biki Katsina ko sarin atamfa Kantin Kwari, to tafiyar jirgi ba haka take ba. Ka sauka daga mota, ka shiga ofis, a buga maka hatimin fita na Nijar, ka je gaba a buga maka na shiga Najeriya, ko direba yana danna oda yana cewa Alhaji mu tafi rana na yi, ka ce mishi ya yi haƙuri. Ma'aikacin shige da fice a filin Kano zai buɗe fasfo yana neman ta inda ka shigo, in babu hatimi kai ne da dogon bayani jirgi na shirin rufe ƙofa. Kuma tunda Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO (ECOWAS) a ranar 29 ga Janairun 2025, ko da yake an ci gaba da karɓar takardun juna, bai kamata mutum ya bar wata kafa a takardunshi ba.

Ta fannin kuɗi, hanyar Kano tana rage maka kuɗin kar mai nisa, kuma da wuya Bamaraɗe ya rasa gidan da zai kwana a Kano, ga Wapa nan Fagge kusa da filin jirgi in canjin dala ne. Shi biye ɗin kanshi a naira ake lissafa shi, naira kuwa tun da aka sakar wa kasuwa darajarta a Yunin 2023 hawa da sauka take, sefa tana daure da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka wani lokacin in ka canza sefarka sai ka ga Kano ta yi araha, wani lokacin kuma ribar ta narke. Abin yi shi ne a rana ɗaya ka tambayi ajans na Yamai da na Kano kuɗin ranar tafiya ɗaya da nauyin kaya ɗaya, ka maida duka sefa da canjin kasuwa na ranar, sannan ka ɗora kuɗin mota da kwana da ci a kan kowanne. Farashin da wani ya faɗa maka na watan jiya labari ne kawai.

Hatsarinta kuwa ba a ɓoye yake ba. Yankin Jibiya da gefen Madarunfa sun sha fama da ƴan bindiga, ba hanyar da za ka bi da dare ko da duku-duku ba ce, ballantana da kuɗin sari a jiki. Na biyu, iyaka tana iya rufewa, mun gani da idonmu, an rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 ba a buɗe ba sai Maris 2024, kafin nan ma Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Wanda biye ɗin dawowarshi na Kano ne irin haka ta same shi yana Gwanzu, ya shiga uku da kayanshi. Na uku hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu yakan hana jirgi sauka Kano a kan lokaci, in na farko ya makara na biyu ba ya jiranka. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinshi a Fabrairun 2021, ranar da ya fara aiki wannan lissafin duka sai an sake shi, Allah ya nuna mana.

Hanya ta huɗu, Kano zuwa Alƙahira zuwa Gwanzu da EgyptAir. A kilomita ita ce mafi gajarta cikin huɗun, kusan 3,100 sannan kusan 8,000. Ba a raba giya a jirginsu, abinci halal ne, wanda ya yi karatun allo ya zarce na littattafai yana ɗan jin Larabci zai samu sauƙin tambaya. Sai dai ba kullum suke zuwa Kano ba, kuma tsawon jira a Alƙahira ya danganta da ranar da ka zaɓa, sai an duba shi da kyau a kan takarda. Duk abin da na faɗa na iyaka da hanyar Jibiya ya hau kanta ita ma.

Ga su a jere, lokacin ƙiyasi ne na tafiyar da ba a samu matsala ba, tare da kwana ɗaya a garin tashi:

| Hanya | Mota daga Maraɗi | Kilomita a sama | Awa a sama | Jiran sauyi | Daga gida har Gwanzu | Duwan a dawowa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Yamai, Adis | awa 10-12 | kusan 12,000 | 16-17 | gajere | kwana 2 | 1 |
| Yamai, Istambul | awa 10-12 | kusan 11,900 | 16-17 | yakan yi tsawo | kwana 2 zuwa 2 da rabi | 1 |
| Kano, Adis | awa 5-7 | kusan 11,400 | 15-16 | gajere | kwana 1 da rabi zuwa 2 | 2 |
| Kano, Alƙahira | awa 5-7 | kusan 11,100 | 14-15 | ya danganta da rana | kwana 1 da rabi zuwa 2 | 2 |

Ka duba layin awa a sama, tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta awa 2 ne ko 3, ba shi ne zai yanke maka hukunci ba. Kar kuma agogo ya ruɗe ka, Caina tana gabanmu da awa 7, Adis da Istambul da awa 2, lokacin da ke rubuce a biye na garin da aka ambata ne, shi ya sa za ka ga kamar zuwa ya yi tsawo dawowa ta yi gajarta, alhali a gaskiya dawowar ce takan fi daɗewa a sama saboda iskar da ke kaɗowa daga yamma tana tare jirgi.

Yanzu kayan dawowa, wanda a ganina shi ne ya fi komi nauyi ga ɗan kasuwa. Manyan kaya dai kargo ko kwantena suke bi, su ma tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 hanyarsu ta ƙara tsawo da tsada, shi ya sa kowa ke ƙoƙarin cika akwatinshi da ƙananan kaya masu daraja, waya da caja da agogo da sarƙa da samfur na nuna wa abokan ciniki. Galibi akwati 2 ake ba mutum masu kilo 23 kowanne, da ƙaramar jakar hannu, amma abin da ke rubuce a biye ɗinka shi ne gaskiya, a karanta. In Yamai ka sauka, duwan ɗaya za ka gani, ka biya abin da ya hau kanka ka karɓi takarda, ka sa kaya a kar ka biya kuɗin nauyi, sai Maraɗi. In Kano ka sauka, kwastan na Najeriya na nan a fili, shingayen hanya na nan kowa yana son ya ga cikin akwati, sannan duwan namu na jiranka a Ɗan Isa. Sau da yawa ɗan abin da ka rage a kuɗin biye nan yake zubewa, har da ƙari, ga ɓacin rai.

Akwai dabarar da ba kowa ke tunawa da ita ba. Tunda Ethiopian na zuwa Kano tana kuma zuwa Yamai, kana iya cewa mai ajans ya yanka maka biye ɗaya, tafiya daga Kano lokacin da hannunka ba kaya, dawowa ta Yamai lokacin da kake da kaya. Kuɗin yakan ɗan bambanta, a tambaya a ji. Abin da ba na ba kowa shawara shi ne yankan biye biyu daban-daban na kamfani biyu don neman araha, in na farko ya makara na biyu ya tashi ba wanda zai ɗauki asararka, kuma sai ka fita ka karɓi kaya ka sake aunawa a ƙasar da ba ka da bizarta. Sannan in ana auna kayanka ka duba ƴar takardar da suka liƙa wa akwati, alamar Gwanzu CAN ce, ta Kano KAN, harafi ɗaya ya raba su, ka karanta da idonka kafin akwatin ya wuce, ka adana ƴar guntuwar da suka manna maka a bayan biye.

Lokacin tafiya ma yana taɓa farashi a duka hanyoyin. Babban baje kolin Canton na Gwanzu, wanda ake yi tun 1957, yana zuwa Afrilu zuwa farkon Mayu da kuma Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kujeru na cika otel na tsada. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu na rufewa makonni, wanda ya je lokacin shagunan unguwannin Shawbe da Sanyuwanli na Gwanzu zai tarar rabi a kulle. Makon farko na Oktoba ma hutu ne.

To wa ya dace da wace? Wanda wannan ce fitarshi ta farko, ko Hajiya mai tafiya ba muharrami kusa sai ƴan rakiya, ko dattijo, Yamai zuwa Adis, takardunka duka a ƙasarka, jira gajere, ƴan'uwa cike da jirgi, wahalar kar kawai za ka daure. Wanda zai dawo da akwatuna cike da kaya masu daraja, ko ta ina ya tafi ya dawo ta Yamai. Wanda ya saba, bizarshi na hannu, yana da masauki a Kano kuma samfur kawai zai dubo ya yi odar kwantena ya dawo da jaka ɗaya, Kano zuwa Adis ta fi mishi sauri, da sharaɗin ya bi hanya da rana tsaka ya buga hatimi. Alƙahira ta wanda ranakunta suka yi daidai da nashi ne kuma ya ga jiran bai wuce ƙima ba a takarda, ko farashinta ya faɗo ƙasa sosai a ranar da ya tambaya. Istambul ta mai kasuwa biyu ce, ko wanda bai samu kujera ta Adis ba lokacin baje koli, shi kuma ya tafi da guzurinshi, ƙuli-ƙuli da dabino da biskit, da gorar da zai cika ruwa bayan an gama bincike.